Rabin Tanki a Dutsen Hatta

Wata biyu ke nan Sanda yana zaune a gidan ƙanensa Idris a unguwar Karama ta Dubai, kuma in ka tattara duk maganar da ya yi a wata biyun nan ba za ta kai hirar shayi ɗaya ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana jan tankar mai daga Legas zuwa Maiduguri, wanda in ya buɗe baki a tasha ba mai samun sararin yin tari, shi ne yau ake cusa wa hannu a riga. Ɓarin jikinsa na hagu ne ya shanye. Idris ya kawo shi Dubai ana yi masa gashi a asibiti, ƙafar ma ta fara ɗaukarsa, likita ta ce a ƙara wata uku. Sai ranar Litinin Sanda ya ture kwanon tuwon da A'i matar Idris ta ajiye masa, ya ce a yanka masa tikiti, Lahadi zai koma Kano.

“Me ya rage? Gawa ake wa tausa,” in ji shi.

Idris ya yanki tikitin, don ba a musu da Yaya. Amma abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya san in Sanda ya koma, tabarmar zaure zai samu ya kwanta, kuma ba zai sake tashi ba. Wannan mutumin shi ya ɗora hannun Idris a kan sitiyari tun gemu bai fito masa ba, da rankwashi da komai.

Ranar Alhamis da safe ya roƙi foman ya bar shi ya ɗauki ɗan'uwansa a kan mota. Shekara tara Idris yana jan tifa a kamfanin, sati biyu kacal da mayar da shi tankar ruwa, yana kai wa leburorin da ke aiki a ƙolin wani dutse can bayan garin Hatta. A ransa cewa ya yi, ko ba komai Yaya ya shaƙi warin gas kafin ya tafi. Kuma saboda tausayi, da ya je wurin ɗura ruwa, rabin tanki kawai ya zuba, wai don motar ta yi sauƙi, kada ta jijjiga marar lafiya. Har daɗi ya ji da wannan dabarar tasa, bawan Allah.

Sun bar kwalta wajen ƙarfe tara. Daga nan sai tsakuwa da baƙaƙen duwatsu tsirara, ba ko ciyawar da akuya za ta yi wa kallo na biyu. Hanyar faɗin mota ɗaya ce, bangon dutse a hagun Idris, kwazazzabo a gefen Sanda. Idris yana ta zuba surutu shi kaɗai, yana nuna masa inda wata mota ta taɓa maƙalewa, yana ba shi labarin wani abokin aikinsa ɗan Pakistan da ke rufe ido in ya zo nan. Sanda ya jingina kai da gilashi, hannunsa na hagu a kan cinya inda A'i ta ɗora masa shi.

A kwana ta uku ne abin ya faru. Kwanar a tsaye take, ga ta a matse, sai an rage gudu sosai. Idris ya taɓa birki, motar ta tsaya, amma wani abu daga baya ya ingizo ta gaba kamar an banka ƙofa. Kafin ya ankara abin ya sake komawa baya, ya dawo ta gefe. Tankar ta karkata wajen rami, tayar baya ta kwashi tsakuwa ta watsa ƙasa, suka daɗe suna jin duwatsun suna gangarawa. Gumi ya keto wa Idris duk da sanyin na'urar motar.

Sanda ya ɗago kai.

“Idi. Ruwa nawa ne a bayan nan?”

“Rabi ne, Yaya. Na ce don kada ta yi nauyi...”

“Rabi.” Ya juyo gaba ɗaya, abin da ko likita ba ta samu ya yi mata ba. “Rabin tanki ka ɗauko ka hau dutse? Wane jakin ne ya koya maka tuƙi?”

“Kai ne, Yaya.”

“Tifa na koya maka. Yashi in ka zuba shi zama yake yi. Ruwa kuwa in ka bar masa fili, shi zai tuƙa ka. Tanka ko dai fal ko wayam. Ɗauke ƙafarka daga totur ɗin nan. Riƙe birki, kada ka saki, kada ka ƙara.”

Bakin a karkace yake, kalmomin suna fita da nauyi, amma muryar tasha ce tsaf. Sanda ya shimfiɗa tafin hannunsa na dama a kan kujera, ya lumshe ido. Sauraron ruwan yake yi da jikinsa. Idris ma yanzu ya fara jin sa, yana tafiya yana dawowa, yana tafiya yana dawowa, kowane zuwa ya fi na baya rauni.

“Bari ya kwanta tukuna. Saurin me kake yi, biki za ka? Yawwa. Sa giya ta ɗaya. In na ce tafi, ka tafi a hankali, yadda mutanenku na nan ke cewa.”

“Shwaiya shwaiya.”

“Shi. Matsa jikin dutse har sai madubinka ya kusa gogawa. Tafi.”

Motar ta yi gurnani ta soma rarrafe. Sanda ya ɗaga hannun nan guda ɗaya da ya rage masa, yana juya shi a iska: karya, ƙara karyawa, tsaya a haka, kada ka taɓa birki ko da uwarka ce ta tsaya a gaba. Idris bai kalli ramin ba ko sau ɗaya, yatsun Yaya kawai yake kallo ta wutsiyar ido. Suka fita daga kwanar. Saura guda biyar a gaba, kuma kowacce sai da Idris ya sha zagi a cikinta, har da na laifin da ya yi tun a Hawan Kibo shekara ashirin da suka wuce. Bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

A ƙoli leburori suka jawo tiyo suna juye ruwa. Idris ya zagayo ya buɗe wa Sanda ƙofa don ya sha iska. Daga nan ana hango dam ɗin Hatta can ƙasa, kore shar a tsakanin duwatsu. Idris ya zauna a kan matakalar motar.

Sanda ya daɗe yana dubansa daga sama.

“Faɗa mini gaskiya. Da gangan ka zuba rabi don in yi magana?”

“Wallahi Yaya, da ma da gangan ne. Da na fi haka mutunci.”

Sanda ya yi dariya, rabin fuska ce ta yi, amma dariya ce. Sannan ya tsuke.

“Sau nawa kake hawa nan?”

“Sau huɗu a sati.”

“Sau huɗu. Da 'ya'ya uku a gida.” Ya yi tsaki, ya kama hannunsa na hagu da na dama ya gyara masa zama da kansa. “Kira A'i ta ce wa mai tikitin nan ya ɗaga. Ba zan tafi in bar ka ka kashe kanka a ƙasar mutane ba. Kuma a tambayi likitar ko akwai gashi ranar Lahadi.”

Idris ya laluba aljihu ya ciro waya, amma ya kasa ganin lambar, sai ya juya baya yana goge ido da gefen hula.

“Me kuma kake yi a nan?” in ji Sanda. “Tashi ka duba sun juye shi duka. Ko ɗigo ban yarda ka sauka da shi ba.”