Foldar da Ba Ta da Suna

Wallahi akwai mutanen da in suka iya abu kaɗan, kowa sai ya ɗanɗana kuɗarsa. Muhtari yana cikinsu. Daga Shinkafi aka turo shi wani ofishin gwamnati a Zurmi, da takardar shaidar koyon kwamfuta da ya samo a Kaura Namoda, yana taku kamar shi ya ƙera injin.

Kwamfuta ɗaya ce tal a ofishin, kuma Zuhura mai buga takardu ce ke zama a gabanta. A cikin kwamfutar ta ajiye abin da ya fi mata komai a duniya: hoton ɗanta na fari, wanda sanƙarau ya ɗauke a shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato. Da aka ƙaddamar da shari'a, mijinta Malam Sodangi ya dawo daga wa'azi ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto, don haka zai ƙone duka. Ba ta yi masa musu ba. Ta ɓoye na yaron a cikin hijabi, ta kai ofis ta ɗauke shi da sikana, ta adana shi a wata sabuwar folda cikin kwamfutar, ta mayar da shi gida, tana kallo wuta ta cinye shi tare da sauran.

To, folda tana bukatar suna. Ita kuwa Zuhura 'yar Gurbin Bore ce, da alkunya aka tashe ta, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Yana raye ma "yaron nan" take ce masa. Ta ɗora yatsu za ta rubuta, kunya ta hana ta. Sai ta bar foldar da sunan Turancin nan da injin ke liƙa wa kowace sabuwa.

Wata Litinin ta zo ta duba yaronta kafin ta fara aiki, kamar yadda ta saba. Wayam. Ta hau, ta sauka, ta kashe injin ta kunna. Babu.

Sai ga Muhtari da fara'arsa. "Malama, kin ga yadda injin ke gudu yanzu? Tarkace ne sunka cika shi. Wani ɗan furogiram na rubuta, layi kaɗan. Duk foldar da ba a raɗa ma suna ba ya bi ta ya goge, da ita da abin da ke cikinta."

"Ka buɗe su ka gani?"

"Haba Malama, in bi su ɗai-ɗai? To mi ne amfanin karatu? Abin da bai da suna ai bai da mai shi."

Ta ce ya duba kwandon shara na injin. Ya yi dariya, ka ji fa, dariya! Ya ce furogiram ba ya bi ta kwando, kuma ya riga ya loda sababbin kaya a wurin da ya share.

Zuhura da ko gaisuwarta ba a ji sai an matso, ranar har masu sayar da gero a bakin titi sun ji muryarta.

"Wa ya aike ka? Wa ka tambaya? Ko shara za a yi a ɗakin mutum ai sai an yi sallama! Kai wane ne da za ka yanke abin da ke da mai shi? Ɗana na ciki, Muhtari! Hoton ɗana da ya rasu, babu wani a duniya!"

Fara'ar ta gudu. Ya ja kujera ya zauna, gumi na karyo masa, yana ta danne-dannen banza.

"Innalillahi. Ban sani ba, wallahi. Ba ni sunan yaron in bincika, ko Allah zai sa."

Ta san sarai ba ta taɓa rubuta sunan a ko'ina ba. Amma uwa ce, ko ina aka ce ta duba za ta duba. Ma'aikata sun cika ƙofa suna kallo. Ta buɗe baki ta faɗa.

"Haliru."

Tun ranar suna bai taɓa fita daga bakinta ba sai yau, a gaban ƙattin ofis, saboda wannan sakaran. Muhtari ya buga haruffan. Injin ya yi 'yar ƙararsa, ya nuna fili fari fat.

"Malama, sai haƙuri," in ji shi, kansa a ƙasa. Na ƙofa ma suka karɓa, haƙuri, haƙuri, kowa da nasa.

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, idanunta jajur, ko ɗigon hawaye babu.

"Da anka binne shi na yi haƙuri, Allah ne ya karɓi abinshi. Da anka ƙone hotonshi na yi, mijina ne. Wanga kuwa ban yi ba, Muhtari, kuma ban yafe ba."