Abin da Malam Silvanus Ya Ji

Da damina ta 1976 aka kawo Malam Silvanus daga Zonkwa, haƙoransa a datse, bayansa ya sandare. Fartanya ce ta sare shi a gona, raunin ya jawo masa tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki. Asibitin da ke Kafanchan yana da wani ɗan ɗaki mai gado biyu kusa da tiyata, inda ake kwantar da masu ciwo mai tsanani. Nas Emilia ce ke riƙe da ɗakin, don ba ta daɗe da dawowa daga kwas a Kaduna ba.

Ta san shi sarai. Shi ya koya musu waƙa a majami'a tana yarinya, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Likita ya huda masa maƙogwaro ya sa bututu, aka riƙa yi masa allurar kwantar da jijiyoyi. Ya kwanta shiru, ido a rufe. Emilia ta yi aikinta da kyau: ta zuƙe majina daga bututun, ta ba shi kunu ta hanci, ta rufe taga don ko ƙarar jirgin ƙasa tana tayar masa da ciwon.

Wata rana da la'asar ita da abokiyar aikinta Hellen suna juya shi, gajiya ta sa musu surutu. Emilia ta toshe hanci ta kwaikwayi muryarsa, yadda yake yi wa masu siririyar murya tsawa a wajen koyon waƙa.

"Sofrano, kun kashe mini waƙa! A sake!"

Hellen ta ƙunshe dariya. "Ke, a gabansa?"

"Yana ji ne? Bakin da ya hana mu sakat, ga shi yau a kulle. Ni ban ga alamar zai kai Kirsimati ba ma."

Malam Silvanus bai mutu ba. Jiki ya saki a hankali, aka cire bututun, murya ta dawo a shaƙe. Wata safiya, bayan matarsa Mama Paulina ta fita wanke kwano, ya yafito Emilia.

"'Yata, kin iya muryata."

Ta ajiye tiren maganin da ke hannunta.

"Wannan bai dame ni ba, na san na matsa muku. Amma maganar Kirsimati." Ya huta, ya haɗiye yawu da ƙyar. "Ina kwance ina jin komai, ba halin motsi. Na ce tunda nas ta faɗa, shi ke nan. Na yi ta roƙon Ubangiji ya kula da Paulina."

"Baba, ka gafarce ni."

"Na gafarta. Sai dai na gadon can, a riƙa yi masa magana mai daɗi."

Abin da ya fi ƙona ta, an koya musu wannan a Kaduna: mara lafiya yana iya ji ko da bai motsa ba. Har a jarrabawa ta amsa shi daidai.

Ranar da aka sallame shi ta kasa fitowa. Ta shige ɗakin dafa kayan aiki tana wanke abin da ta riga ta wanke. Can Mama Paulina ta same ta, da ƙullin acca a hannu.

"Ashe nan kika ɓuya! Malam ya ce ba don ke ba da mun binne shi. Karɓi, 'yata."

Nan Emilia ta gane bai gaya wa kowa ba. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, idonta a kan siminti, har tsohuwar ta fita.