Tukwanen Dada da Motar Lawwali

Shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, Lawwali malamin gona ya sayi fijo a-kori-kura, fara, ta hannu. A Kankara yake aiki, amma mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada, tana Tudun Maje, wani ƙauye bayan Sheme a ƙasar Faskari. Maginiyar tukwane ce. Tun yana yaro ake ɗora mata tukwane a kan jaki zuwa kasuwar Yankara, ita kuma ta bi a ƙafa. Yanzu gwiwoyinta sun fara ciwo. Saboda ita ya zaɓi mota mai buɗaɗɗen baya, bai sayi babur kamar abokan aikinsa ba.

Sai dai motar ta kasa isa ƙauyen. Daga bakin titi zuwa Tudun Maje hanyar amalanken shanu ce, gefe da gefe ya zurma, tsakiya ya yi tozo, ga duwatsu. Zuwan farko ƙasan motar ya daki dutse, baƙin mai ya tsiyaye ƙasa, sai da aka ɗaura mata shanu biyu suka jawo ta bakin titi. Dada ko ganin motar ba ta yi ba, labari kawai ta ji.

Lawwali ya kai ta wurin Malam Barau, tsohon bakanike da ke da gareji a gindin ɗorawa kusa da tashar Kankara. Malam Barau ya shekara ashirin yana gyaran manyan motoci a Funtuwa kafin ya dawo gida. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"Wannan 'yar birni ce, ba ta san daji ba," in ji shi. "Amma ana ƙara mata tsawo. Ka bar mani ita kwana biyu."

Ya ƙara ganyen sifirin, wato ƙarafan da motar ke zaune a kansu, biyu-biyu a baya, ya sa zoben ƙarfe mai kauri a kan sifirin na gaba. Da Lawwali ya dawo, ya tarar motar ta ɗaga kusan taƙi guda, tana tsaye kamar raƙumi a cikin awaki. Ya yi ta dariya don murna. A hanya ya ji sitiyari na ɗan fizgar hannunsa, kuma duk ramin da ya faɗa sai ya ji shi har cikin haƙora, amma ya ce a ransa sabon aiki ne, zai saki.

Ranar kasuwar Yankara ya isa Tudun Maje da hantsi, cikin motar bai taɓa ko ciyawa ba. Mata suka fito ƙofar gida suna guɗa. Dada ta fito daga baya, tana gyara mayafi, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ɗanta na fari ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma nuna masa murna a gaban mutane.

"Malamin gona, ita ce wannan?"

"Ita ce, Dada."

"To, Allah ya tsare."

Aka shimfiɗa ƙaiƙayi da kara a baya, aka jera tukwane goma sha huɗu da tuluna shida, da wata babbar randa da ta kwana tara tana gininta. Ita ta shiga gaba. Ba su yi nisa ba motar ta fara tsalle, ta ja hagu, ta ja dama. Lawwali ya rage gudu har ya koma tafiyar ƙafa, duk da haka suna jin ƙarar da ke fitowa daga baya, ƙwas, ƙwas. Da suka kai bakin titi ya tsaya. Tukwane huɗu ne suka tsira. Randar ta rabe biyu.

Lawwali ya tsaya riƙe da katangar fasasshiyar tukunya guda a hannu, ya kasa ɗaga kai. Ya fi son ta yi masa faɗa. Ita kuwa sai ta sauko a hankali, ba ta ko dubi baya ba, ta je gaban motar ta ja da baya taku biyar, ta karkata kai tana kallo.

"Zo nan ka gani," ta ce. "Mi ya samu ƙafafunta na gaba? Daga ƙasa sun tsuke, daga sama sun buɗe. Haka aka yi ta?"

Ya zo ya duba. Gaskiya ne, tayoyin sun karkace, bakin waje kawai ke cin ƙasa.

"Ni in gindin tukunya ya karkace, daga nesa nake gani," ta ce. "Wanda ya ɗaga ta bai gama aikinsa ba. Yumɓu bai ƙare a rafi ba, ka daina ɓata rai. Maida ni gida, amma a sannu."

Washegari ya kai wa Malam Barau motar, da rabin randar a baya, ya faɗa masa abin da Dada ta ce. Tsohon ya ɗaure fuska.

"Halan yanzu maginan tukwane ke koya mana aiki?"

Amma ya je gaban motar ya ja da baya kamar yadda ta yi. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya sa jak, ya kwanta a kan buhu ya shige ƙarƙashi, ya kira Lawwali ya durƙusa kusa da shi.

"Ka ga wannan hannun ƙarfen da ya taso daga jikin mota ya riƙe taya daga ƙasa? Akwai ɗaya hagu, ɗaya dama. A kwance ya kamata su zauna. Da na ɗaga ta sai suka rataya, suka jawo tayoyin ciki, kuma ba su da sauran wurin motsi. Shi ya sa take dukan ƙasa." Ya fito daga ƙarƙashin motar. "Tsohuwa ta yi gaskiya. Laihina ne."

Kwana huɗu ya yi a kanta, bai karɓi wani aiki ba. Ya kwance hannuwan biyu, ya yanka kowanne, ya ƙara masa tsawon yatsa biyu da ƙarfen tsohuwar tirela, ya yi walda ciki da waje, ya lulluɓe wurin da wani ƙarfen. Ya sauke mazaunin da suke ɗaure a jikin motar don su koma kwance. Robobin da ke bakinsu sun mutu, ba a kuma samun irinsu a Kankara, sai ya zauna da wuƙa ya fere sababbi daga tayar babbar mota. A baya ya cire ganyen sifirin ɗaya-ɗaya. Awo kuwa da zare da ƙaramin dutse ya yi shi, yana saukar da zaren a gefen taya har sai da ya ga sama da ƙasa sun daidaita. Hannun hagu sau biyu yana warware shi.

Da ya gama, ya aro tulu daga cikin gidansa, ya cika shi da ruwa har wuya, ya zaunar da shi a baya cikin ƙaiƙayi. Suka bi hanyar da ta fi kowace lalacewa a bayan gari, Malam Barau na tsugune kusa da tulun yana riƙe da hularsa. Ruwan ya yi ta rawa, amma ƙaiƙayin bai jiƙe ba.

"Ranar da za ka koma, da ni za a tahi," ya ce.

Sai da aka yi mako uku Dada ta gina wasu tukwanen ta gasa. Suka iso tare, Malam Barau sanye da fararen kaya, ba digon mai a jikinsa. Ya cire takalmi a ƙofar gida ya durƙusa.

"Dada, ni ne na fasa maki randa."

"Kai ne mai ɗaga mota? Tashi, Malam. Ni ma farkon koyona sai da na fasa abin da ya fi wannan." Ta fita ta tsaya gaban motar, ta karkata kai, ta daɗe. "Yanzu ta tsaya da ƙafafunta."

Malam Barau ya yi murmushin da Lawwali bai taɓa gani a fuskarsa ba.

Wannan karon ta ƙi shiga gaba. Ta ce a shimfiɗa mata tabarma a baya cikin kayanta, Malam Barau ya zauna kusa da direba. Duk inda hanya ta yi muni sai ta buga rufin motar da tafin hannu, Lawwali ya rage gudu. Sun isa Yankara ba tukunyar da ta tsage, kuma kafin la'asar ta sayar da duka, ban da tulu guda mai jan baki da ta ware tun a gida ta ce na iyalin Malam ne.

Suna shirin juyawa ta tsaya jikin motar tana wasa da bakin mayafinta.

"Malamin gona, daga nan Sabuwa da nisa a wannan abin?"

"Ba nisa sosai, Dada. Mi za ki yi a Sabuwa?"

"Nana," ta ce. Ƙanwarta ce da aka aurar can, shekara bakwai ba su ga juna ba. "An ce ta yi jika har biyu. In akwai mai, ba wai dole ba."

Lawwali ya dubi Malam Barau. Tsohon ya riga ya buɗe ƙofar gaba yana kakkaɓe kujera da hularsa.

"Shigo nan, Dada, yanzu ba tukwanen da za ki tsare. Ni zan hau baya."

Ta saya wa yaran alewa da ƙuli-ƙuli, ta ƙulle a gefen zane, ta dafa kafaɗar ɗanta ta hau. Lawwali ya ta da mota suka kama hanyar Sabuwa, ita kuma tun ba su fita gari ba ta fara ba shi kwatancen gidan, wai akwai rijiya a ƙofa da bishiyar dabino, in dai ba su sare ta ba.