Ɓangaren Masu Jira

Ni dai ban iya tsallake layi ba. Ko a shagon aski wani ya shiga gabana, sai in matsa masa, har in tambaye shi ya iyali. Matata ta ce da ta taga ake raba Aljanna, ni zan tsaya ina riƙe wa mutane jaka.

Ƙanena Auta mai walda ne. Tun da matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, ya rufe shago ya dawo ɗakin bayan gidana. Ba kuka, ba faɗa. Yana kwance yana kallon silin kamar an ba shi gadinsa. In na taso aiki sai in ja kujerar roba in zauna kusa da shi. In ya yi magana in saurara, in bai yi ba mu kalli silin tare.

Da na ji asibiti sun buɗe sashen da ake maganin damuwa da magana, na lallaɓa shi muka je. Wani dogon likita mai tabarau ya ce bincike suke yi.

"Rabi za mu fara da su yanzu, rabi su jira. Daga baya mu auna kowa. In babu masu jira, ta ina za mu san aikinmu ne ya yi, ba lokaci ba?"

"Wa ke zaɓa, likita?"

"Kwamfuta."

Kwamfuta ta dubi Auta, ta gane jinin gidanmu, ta sa shi cikin masu jira.

"Baban yara, ka koma ka ɗaga musu murya," in ji matata. "Mutumin nan ko ruwa sai an tuna masa."

Na koma. A hanya na ɗaga murya sosai, har na buga tebur a zuciyata. Da na isa na gaida su, na yi musu ya aiki, suka ce in ƙara haƙuri, na yi godiya.

Da na gaya wa Auta, bai ɗauke ido daga silin ba. Ya ce, "Yaya, ƙyale su. Dama jiran nake."

Wata safiya matata ta kai masa shayi, ta dawo da kofin a cike. Ba zan faɗi yadda muka same shi ba. Ya rasu, kuma da hannunsa ne, wannan ya isa.

Bayan watanni aka gayyaci iyalai jin sakamako. Babban ɗaki, fanka ɗaya mai ƙara, lemon kwalba mai ɗumi. Dogo, likitan nan mai tabarau, ya haska layi biyu na sakamakon a bango: na waɗanda aka yi wa magani ya hau, na masu jira ya gangara. Ya ce hanyarsa, mai darussa da aikin gida, ta tabbata.

Wata tsohuwar likita, wadda ta koyar da shi, ta miƙe da ƙyar.

"Ɗana, ka haɗa magana da shiru, magana ta yi nasara. A kan wannan ka tara mu? Ka gwada hanyarka da tawa mana. Ba darussanka ke warkarwa ba, mutum ya samu mai sauraronsa ne."

"Mama, sauraro ba ya hawa ma'auni."

"To laifin ma'aunin ne."

"In sauraro ne kawai, ai sai mu rufe sashen, kowa ya koma gida wajen yayansa."

Ɗakin ya fashe da dariya. Ni ma na yi, don ba na son a ce na ɓata wa mutane taro.

Na zauna ina jujjuya maganar. In Dogo ne da gaskiya, maganin Auta yana bayan ƙofar da na tsaya ina gaisuwa. In tsohuwa ce, maganin yana kan kujerar roba kullum da yamma, kuma ni ne. Duk biyun ba su zauna mini ba, sai na koma kallon layin da ya gangara. Na ce a raina Auta yana ciki. Nauyinsa ne ya ja shi ƙasa, kuma saboda gangarar nan ba za a rufe sashen ba, ƙanen wani zai samu shiga. Ashe jiran nasa ma aiki ne. Rabon da in ji ƙirjina ya saki haka, tun ranar kofin shayi.

Da aka tashi na bi layin masu gaida Dogo. Wasu suka shiga gabana, na matsa musu. Da na isa na tuna masa ko ni wane ne. Ya cire tabarau ya yi mini ta'aziyya, kuma da gaske ya yi ta, na gani a idonsa. Na nuna bango na ce ya nuna mini wajen da ƙanena yake.

Ya daɗe yana goge tabarau da gefen rigarsa.

"Yallaɓai, wanda bai dawo awon ƙarshe ba, ba ma iya sa shi a lissafi."

Auta ba ya cikin kowane layi.