Ɗan Ja Ya Ƙi Cin Dusa

Da aka zo rabon gadon mahaifinsu a garin Babban Mutum, Harisu da ƙanensa Kabiru sun yi rabo irin na masu jin haushin juna. Shanun huɗa biyu tsohon ya bari, kowa ya ja ɗaya. Harisu ya ɗauki garma, Kabiru ya saɓa karkiya, suka rabu ko sallama babu. Harisu har da rantsuwa cewa ƙafarsa ba za ta sake taka gidan Kabiru ba.

To, sai Ɗan Ja, wato san da ya faɗo wa Harisu, ya ƙi cin abinci. A kawo dusa ya kau da kai, a zuba harawa ya shinshina ya bari. Wuni yake yana kuka, ya miƙa wuya yamma. Ga gero ya isa huɗa, ga sa yana ramewa har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Hankalin Harisu ya tashi ƙwarai, domin in san nan ya faɗi, daminarsa ta faɗi.

Ya kira Malam Nu'uman, likitan dabbobi daga Baure. Likita ya duba baki da ido, ya auna zafin jiki, ya saurari ciki, har kashin ya tona da tsinke, bai ga cuta ba. Sai ya ja gefe ya zuba wa san ido. Ya tambayi me ke yamma da san yake ta kallo, Harisu ya ce ba komai sai gidan wani mutum. Da likita ya matsa, gaskiya ta fito.

"Malam Harisu, sanka kewa yake yi," in ji likita. "Tun yana maraƙi ba ya ci sai da abokin karkiyarsa a gefe. Ka kai shi wurin ɗan'uwansa."

Harisu ya roƙi a dai yi allura, ko ta ƙarin kuzari ce. Likita ya rufe jakarsa ya hau babur.

Da la'asar Harisu ya kwance san, wai zai ɗan zaga da shi ya sha iska. Sa da ake cewa ba ya iya tsayuwa, sai ga shi yana jan mai shi kiii, har turken gidan Kabiru. Rantsuwa dai ta karye, amma Harisu ya ce a ransa ai jawo shi aka yi, ba shi ya zo ba.

Ashe Ɗan Fari, san Kabiru, shi ma ya zama ƙashi da fata. Shanun suka lashi wuyan juna, suka tsoma baki cikin kwano ɗaya. Masu su kuwa suna tsaye, kowa na kallon katanga. Matar Kabiru ta aiko da fura a ƙwarya ɗaya, da ludayi biyu.

"Yaya, gobe ka zo da garmar," in ji Kabiru. "Da gonarka za mu fara, ta fi ciyawa."

Harisu ya buɗe baki zai rama, sai ya fasa, don rabonsa da jin an kira shi Yaya tun ranar rabon gado. Ya tsuguna ya ɗauki ludayi.