Ranar da Aka Tayar da Injin Malam Bunu a Bushe

"Injin nan a bushe yake," in ji Malam Bunu, ya ture kofin kunun da matarsa Ya Amsa ta kai masa baki.

Ina zaune a gefen gadonsa bayan sallar la'asar. Ƙarar injin jirginsa tana tsallako katangar da ta raba gidana da nasa, ni kuwa har wani daɗi nake ji, don ni na sa a tayar domin ya ji.

"Wane irin a bushe kuma, Malam? Ɗana Shafi'i ne yake wanke maka shi."

"Malam Talle, inji in yana cikin ruwa gurnani yake yi, ƙasa-ƙasa. Wannan ihu yake." Ya yunƙura zai tashi, kumburarrun ƙafafunsa suka ƙi. "Don Allah je ka kashe. Yi sauri."

Na fita ko takalmi ban tsaya nema ba.

Malam Bunu mutumin Baga ne. Shekara ashirin da huɗu ke nan da ya sauka a ƙauyenmu na ƙasar Minjibir, a bakin dam, da matarsa, da akwatin ƙarfe, da wani tsohon injin jirgi a naɗe cikin bargo kamar jariri. Mu manoma ne, gero da dawa da gyaɗa, ba ruwanmu da ruwa. Shi ya sassaƙa kwale-kwale ya ɗaura masa injin, ya riƙa haye da mutane da kwandunan tumatir zuwa tsallake inda motoci suke tsayawa. Sau uku kacal na shiga jirginsa, kuma duk ukun sai da ya ba mutanen ƙofar masallaci labarin yadda na rufe ido ina salati har muka isa.

Ruwan dam ɗinmu daga birni yake gangarowa, da laka da dauɗa, da rani har wari yake yi. Injin jirgi kuwa ruwan da yake tafiya a kai shi yake zuƙa ya sanyaya cikinsa. Shi ya sa kullum da yamma Malam Bunu zai kwance injin, ya turo shi gida a kura, ya cika duro da jarka shida daga tuƙa-tuƙar masallaci. Sai ya rataya injin a katako, ƙafarsa ta nutse har ruwa ya rufe ƙofofin da yake sha, sannan ya ja igiya. Minti goma yana tsaye da tafin hannunsa a ƙarƙashin wani siririn ruwa da ke tsartowa ta baya, wanda yake kira fitsarin inji. In ya yi rauni sai ya zura masa zaren fatsa har ya buɗe. Na sha tsokanarsa cewa ko amarya ba ta samun wannan gatan. Sai ya ce amarya tana da dangi, shi kuwa injin nan ba shi da kowa sai shi.

Gaskiya ya faɗa, kuma su ma ba su da kowa sai injin. 'Ya'yansu biyu tun suna ƙanana suka rasu. Gona ba su da ita. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi bana, aka je asibiti a birni aka dawo ba sauƙi, abin da ya tsaya masa a rai shi ne wanda zai riƙe jirgin ya riƙa kawo wa Ya Amsa abin sawa a baka. Ya riga ya zaɓi Jaji, wani masunci ɗan ƙasarsu da ke zaune a tsallake, wanda ya san inji ciki da waje.

Ni na shiga tsakani. Ɗana Shafi'i magidanci ne, da mata da 'ya'ya biyu, tumatirinsa ya ƙone bara, kuma ya taɓa bin Malam Bunu har ya iya tuƙi. Na ce me zai sa a kai abu tsallake ga na gida.

"Ba tuƙin nake ji ba," in ji Malam Bunu. "Wankin nake ji. Aiki ne da ba mai ganinsa."

Shafi'i yana durƙushe a bakin ƙofa ya ce, "Wallahi Baba ko rana ɗaya ba zan yi fashi ba."

Ni kuma na dafa ƙirji na ce, "Na ɗauke maka. In ya yi fashi ni za ka kama."

Sati uku aka yi ba a ji ƙarar inji a unguwa da yamma ba. Duk lokacin da na tambaya sai Shafi'i ya ce a bakin dam yake wankewa, akwai rijiya a lambunsa, turo shi gida wahala ce. Na yarda don ina son in yarda, ban taka na je na gani ba ko sau ɗaya. Sai da Malam Bunu ya ce mini sau biyu yana kewar jin muryar abinsa, sannan na ce wa Shafi'i yau dai ya kawo shi gida ya wanke, tsoho ya ji da kunnensa.

Da na faɗa tsakar gidana, a jikin turken awaki na tarar da injin, a ɗaure da igiya, ƙafarsa tana lilo a iska. Babu duro, babu ko ɗigon ruwa a ƙasa. Shafi'i yana murɗa masa wuta, hayaƙi ya cika gidan, ga warin ƙonanniyar roba. Kafin in kai gare shi injin ya yi wani tari, ya ɗauke da kansa.

"Ina duron?"

Ya sosa ƙeya. "Yana lambu, Baba. Maganin feshi nake haɗawa a ciki."

"Tun yaushe?"

"Tun satin farko."

"To da me kake wanke shi a bakin dam ɗin?"

Ya dubi ƙasa. Sai can ya ɗago, har da ɗan ɓata rai, wai shi ne aka takura wa. "Baba, inji ai inji ne. Na ban-ruwana a nan nake tayar da shi ba ruwa, me ya same shi? Jarka shida kullum, bayan na wuni a rana? Kai ka ce ƙara yake so ya ji. Ga ƙara ya ji."

Na ɗaga hannu. Ban mare shi ba, don matarsa Tahira tana tsaye a ƙofar ɗaki da goyo. Amma tun da na haife shi ban taɓa jin na tsane shi ba sai ranar. Da rago ne kawai da na haƙura. Wannan ya dubi mutumin da yake kan gargara, ya ga zai iya sayar masa da hayaniya, kuma da bakina ya yi cinikin.

Na koma ɗakin Malam Bunu. Ya Amsa ta zuba mini ido. Ban san lokacin da na ji bakina yana cewa, "Mai ne ya ƙare masa, Malam. Gobe za a zuba."

Ya daɗe yana kallona. Idanunsa sun yi rawaya, amma ba su daina gani ba.

"Har da kai, Malam Talle?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai, duron, maganin feshin, sati ukun. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce wa matarsa ta kira masa Jaji a waya.

Jaji ya iso a kan babur kafin magariba. Bai gaisa da Shafi'i ba. Ya kama igiyar injin ya ja, ta ƙi motsi ko kaɗan. Ya kwance ƙafar, ya buɗe wani ɗan gida a ciki, ya zazzage abin da ke ciki a tafin hannunsa, ya wuce da shi ɗakin mara lafiya, ina biye.

"Ga robar da ke tura ruwan," ya ce. Wasu baƙaƙen ɓarɓashi ne, haɗe da busasshiyar laka. "Hanyoyin duk sun toshe tun kafin yau. Yau kuma ya ci wuta ya kama. Irin wannan tsohon, Malam, ko a birni ba a samun kayan cikinsa yanzu."

Malam Bunu ya miƙa hannu aka juye masa. Ya murza su da yatsa, ya juya ya dubi matarsa. "Amsa, ki yafe mini. Ban bar miki komai ba."

"Ka daina, Malam," ta ce. "Wanda ya ciyar da mu a Baga shi ne a nan." Muryarta ba ta yi rawa ba, amma ta fita ta daɗe a madafi ba ta kunna wuta ba.

Na ce zan sayar da gonata ta bakin hanya. Na ce abincinta yana wuyana muddin ina raye. Na ce abubuwa da yawa, kuma ina jin yadda suke faɗuwa ƙasa, domin irinsu na faɗa sati uku da suka wuce a wannan ɗakin. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Sai da na miƙe zan tafi masallaci ya kama gefen rigata.

"Abu ɗaya ya rage. In mutuwa ta zo, kai za ka yi mini wanka." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Da hannunka. Kada ka ce wani ya yi maka. Ko ɗebo ruwan ne."

Washegari da hantsi ya cika, Ya Amsa tana riƙe da kansa, Jaji yana laƙƙana masa kalmar shahada.

Mutane suka fara taruwa a ƙofar gida, ana shimfiɗa tabarmi, aka aika a yanko likkafani. Ni na ɗauki bokiti biyu na nufi rijiyar gidana. Na manta rabona da jan guga, kafaɗata ta dama ta daɗe da daina yarda da irin wannan aiki. Gugan farko rabinsa ya zube kafin ya iso baki.

Ina cikin jan na biyu na ji mutum ya tsaya a bayana. Shafi'i ne, idanunsa jajur. Ya miƙo hannu ya kama igiyar a ƙasan hannuna.

Ban dube shi ba, ban kuma saki ba. Muka tsaya haka, gugan yana reto a tsakiyar rijiya, ruwan yana ɗiga can ƙasa. Da ya gaji ya cire hannunsa, na ci gaba da ja.