Ƙanin Su Anas

Alli na hannun Mikail lokacin da Malam Ashafa ya ce ya dakata. An fito da shi gaban allo ne ya tabbatar da cewa wata ƙa'idar lissafi ta hau kan kowace lamba, darasin da ake kira indokshan, wanda ajin ya kwana biyu yana fama da shi. Ya gwada da ɗaya ta yi, da biyu ta yi, da uku ma haka, sai ya ja layi ya rubuta cewa magana ta tabbata. Rabin ajin haka suka fahimta, shi dai tsautsayi ne ya faɗa kansa.

Malam bai gyara masa ba. Ya zauna a gefen tebur, ya tambaye shi ko shi ne ƙanin Anas na unguwar Madabo. Ya ce shi ne. Nura fa, da Sabo? Duk yayyensa ne.

"Madalla, duk ni na koyar da su," in ji Malam. "Na farko ya faɗi jarrabawa, na biyu ya faɗi, na uku ya faɗi. Bisa hujjarka, kai me ya rage maka?"

Aji ya kwashe da dariya, har da masu irin amsarsa a littattafansu. A nan tsaye Mikail ya gane darasin: misali uku ba hujja ba ne, sai an nuna yadda kowace lamba ke jawo ta gabanta. Malam ya sa shi ya rubuta sunayen yayyensa a allo, nasa a ƙasa, ya bar shi nan har aka kaɗa ƙararrawa.

Kafin a tashi an raɗa masa suna Na Huɗu. Da sunan 'yan ajin suka raka shi har kasuwar Ƙofar Wambai, inda Anas ke sayar da robobi. Anas ya tambayi dalili, suka ba shi labari. Mikail ya zaci zai fusata, sai ya ga ya yi murmushi, ya ce ai malam gaskiya ya faɗa, da ma shagon na neman ƙarin hannu.

Washegari ya sa kayan makaranta ya fito soro. Wani ɗan ajinsu da ke wucewa ya hango shi, ya ɗaga masa yatsu huɗu. Mikail ya koma ciki, ya tuɓe rigar, ya ninke, ya miƙa wa ƙaninsa Ikrima.

"Yaya, ta yi mini yawa," in ji yaron.

"Ajiye. Za ka girma ka same ta."